Me ya sa baturan injin aikina suke mutuwa da wuri, kuma yaya ya kamata in riƙa yi musu caji?

Tambaya: Ni kafinta ne a nan Maradi, ina aiki da injin huda da injin yankan katako masu amfani da batir, dukansu 18V ne a rubuce a jikinsu. Cikin batura ukun da nake da su, ɗaya ya daina ɗaukar caji tun bai cika shekara ba, ɗaya kuma yana yin zafi ƙwarai kuma ba ya jimawa yake ƙarewa. Shagona na kwano ne, kuma saboda ana yawan ɗauke wuta da rana, nakan ɗora batir a kan caja in rufe shago in tafi gida. Wani ya ce laifina shi ne ba na bari batir ya ƙare ƙaf kafin in sa shi caji, wani kuma ya ce in riƙa ajiye shi a firji. Ina gaskiyar take?

Amsa: Malam, shawarwarin nan biyu da aka ba ka duka ka bar su, domin ta farko za ta ƙara saurin kashe maka batir ne, ta biyu kuma za ta jawo masa danshi a ciki. Abin da ya fi cin baturan aiki a garin nan shi ne zafi, kuma duk sauran matsalolin da ka lissafa, in ka bi diddiginsu, a kan zafin za ka tarar sun tsaya. Amma akwai abu guda cikin bayaninka da ya fi mutuwar batir tayar mini da hankali, wato barinsa a kan caja cikin dare a shagon da ke cike da katako babu kowa a wurin, kuma zan tsaya a kansa sosai idan na zo wurin.

Ya kamata ka fara sanin abin da ke cikin wannan akwatin roba da kake zurawa a gindin injin. Idan aka kwance batir mai bolt 18, za a tarar da ƙwayoyi masu siffar ganga, irin waɗanda ake kira 18650 saboda faɗin kowace milimita 18 ne tsawonta kuma milimita 65, ko kuma waɗanda suka ɗan fi su girma da ake kira 21700. Kowace ƙwaya ta litiyam tana ba da wajen bolt 3.6, tana kaiwa 4.2 idan ta cika, kuma ba a so ta sauka ƙasa da 2.5. Ana jera biyar ɗaya na bin ɗaya, sai a samu bolt 18. A ƙaramin batir ƙwayoyi biyar ne kawai, a babba kuwa goma ne, wato jeri biyu gefe da gefe. A saman ƙwayoyin akwai ɗan allon lantarki da wani ɗan ma'aunin zafi da ke manne da jikinsu, waɗanda aikinsu shi ne su sanar da caja ko injin halin da batir yake ciki. Tun da biyar ɗin a jere suke, ƙwaya ɗaya tak idan ta raunana, ita ce za ta riga sauran ƙarewa, ita ce za ta riga su cika, ita ce kuma za ta fi su yin zafi, sai batir ɗin gaba ɗaya ya koma aiki gwargwadon ƙarfinta.

Maganar a bar batir ya ƙare ƙaf tana da asali, sai dai zamaninta ya wuce. Injinan farko masu batir suna aiki ne da baturan nikel-kadmiyam, masu nauyi, waɗanda kowace ƙwayarsu bolt 1.2 ce, kuma su ne ake cewa idan ana yawan yi musu caji ba su ƙare ba sai ƙarfinsu ya ragu. Batirin litiyam, wanda kamfanin Sony ya fara fitarwa kasuwa a 1991, ba shi da wannan hali ko kaɗan. Ya fi son a riƙa ƙara masa caji tun yana da saura, kuma abin da ke wahalar da shi shi ne a tatse shi har ƙarshe. Saboda haka da zarar ka ji injin ya fara sanyin jiki, ko fitilar batir ta koma ɗaya, ka cire shi. Al'adar nan ta yaran shago, da idan injin ya tsaya sai su ɗan jira su sake matsa maɓalli don su ƙarasa ɗaure kusa biyu ko uku, ka hana su, domin kowace matsawa tana ƙara tura raunanniyar ƙwayar nan ƙasa da iyakarta.

Mu koma kan zafi. Takardar da ke zuwa da kayan kamfanin Makita, mai ƙera injinan aiki, ta ce a yi caji a wurin da zafinsa yake tsakanin digiri 10 da 40, kuma kada a ajiye injin ko batir a inda zafi zai iya kaiwa digiri 50. Ta kamfanin DeWalt ma a digiri 40 ta tsayar da iyakar caji. To, ka duba halinmu: a watannin Afrilu da Mayu, zafin inuwa kansa a Maradi yana kaiwa digiri 40 ya wuce, kuma cikin shagon kwano da azahar ya fi waje zafi nesa ba kusa ba, balle teburin da ke jingine da bangon da rana ke duka. Ka ƙara da zafin da batir ke haifarwa da kansa yayin da kake yanka katako mai kauri, sannan ka ƙara da wanda caji ke haifarwa. Batirin da aka ciro daga injin yanka da ƙarfe uku na rana a bazara aka ɗora shi kai tsaye a kan caja ya haɗa zafi uku ke nan a lokaci guda. Abin da ke faruwa a ciki kuwa shi ne ruwan sinadarin da ke tsakanin faifan ƙwayar yana ruɓewa a hankali, yana barin wani dafi-dafi da ke cinye litiyam ɗin da ya kamata ya yi aiki, kuma masana sinadarai suna da ƙiyasin cewa irin wannan lalacewa tana kusan ninka saurinta duk lokacin da zafi ya ƙaru da digiri 10. Ba a ganin ɓarnar a ranar da aka yi ta, kuma ba ta gyaruwa. Shi ya sa batirin da zai yi wa kafinta a ƙasa mai sanyi shekaru yana aiki, a nan sai ya gaza cikin bazara ɗaya ko biyu, mai shi ya ce an sayar masa da jabu, alhali wani lokacin na ainihi ne.

Maganin wannan ba ya cin kuɗi. Mahaya sun san ba a ba dokin da ya dawo daga sukuwa ruwa sai ya huce, to haka za ka yi da batir: ka cire shi daga injin, ka ajiye shi a inuwa inda iska ke ratsawa, kada ka ɗora shi a caja sai ka riƙe shi a tafin hannu ka ji babu ɗumi, wanda yakan ɗauki kamar rabin sa'a. Idan ya gama caji ma ka ba shi ƴan mintoci kafin ka koma aiki da shi. Cajar kirki tana yin wannan hukunci da kanta, ta ƙi farawa tana ƙyafta fitila har sai batir ya huce, wasu ma suna da fanka a ciki da ke hura masa iska. Idan ka ga ta ƙi, ba lalacewa ta yi ba, kada ka yi ta cirewa kana mayarwa. Lokacin da ya fi dacewa da caji a bazara shi ne da safe kafin rana ta ɗaga, ko bayan magariba. Wurin da ya fi dacewa kuwa shi ne daɓen siminti ko bulo a ƙasa, nesa da bangon kwano, domin zafin ɗaki a sama yake taruwa. Ɗakin ƙasa mai rufin azara ya fi shagon kwano dacewa da ajiyar batura ƙwarai da gaske. Firji kuwa, abin da ya sa na hana ka shi ne, idan ka fito da batir mai sanyi cikin iskarmu sai raɓa ta sauka a kansa har cikin allon lantarkin, ta ci ƙarfen ta haɗa abin da bai kamata ya haɗu ba. Haka nan kada a nannaɗe shi da jiƙaƙƙen tsumma ko a jingina shi da randa.

Yanzu batun barin batir a caja cikin dare. Gaskiya ne cajar ainihi tana tsayawa da kanta: tana fara tura wuta da ƙarfi, idan ƙwayoyin sun kusa cika ta riƙa ragewa, daga ƙarshe ta katse. Amma wannan tsari an gina shi ne a kan cewa caja lafiya take, batir lafiya yake, wutar da ke shigowa kuma daidai take, kuma a shagonka babu ɗaya cikin ukun da za ka iya rantsuwa a kansa. Kana da batir da ya riga ya nuna alamar ciwo, ga shi kuma lokacin da ake dawo da wuta shi ne lokacin da ta fi zuwa da hauka, tana iya ƙona kayan cikin caja. Ƙwayar litiyam idan ta wuce iyaka, siririn mayafin roba da ke raba faifanta biyu yana narkewa a wajen digiri 130, faifan su haɗu, ruwan ciki ya kama da wuta, ƙwayar kusa da ita ta ɗauki zafin ita ma ta tashi, haka har a gama da goman. Duk wannan cikin ɗan ƙanƙanin lokaci yake faruwa, da tartsatsi da feshin wuta. Ka kwatanta wannan a tsakiyar garin katako da tina da gam da soson kujera, da ƙarfe biyu na dare, a layin shaguna da ke manne da juna. Ba asararka kaɗai ba ce, har da ta maƙwabta.

Kuma ba ka ma buƙatar daren gaba ɗaya. Batir mai 5Ah (Ah shi ne ma'aunin yawan wutar da batir ke iya ɗauka) a kan caja mai sauri ta Makita minti 45 yake cika, a kan caja mai jinkiri ma sa'o'i kaɗan ne. Abin da nake ba masu sana'a irin taka shawara shi ne su tafi da caja gida, su yi caji tsakanin magariba da lokacin kwanciya, a zaure ko a baranda a kan siminti, ba a ɗakin barci ba, ba a bakin ƙofar da ita kaɗai ce mafita ba, kuma a cire da zarar fitila ta nuna ya cika. Idan aka ɗauke wuta ana cikin caji, a zare cajar daga bango, sai wuta ta dawo ta ɗan zauna sannan a mayar.

Game da ita kanta cajar, ka tsaya a kan wadda aka yi domin batirinka. Ƙananan haƙoran ƙarfe da kake gani tsakanin manyan biyun, a inda batir ke haɗuwa da caja, ba ado ba ne, ta nan ne caja ke karanta zafin batir, a wasu kuma har da ƙarfin kowace ƙwaya. Cajar araha mai kama da ta waya, wadda ake soka wa batir ta wani ɗan rami, ba ta jin komai daga cikin wannan, wuta kawai take turawa. Sannan ka karanta rubutun da ke ƙarƙashin caja kafin ka soka ta, musamman idan cikin kayan gwanjo ka saye ta: wutarmu bolt 220 ce, yawancin cajojin da aka yi don kasuwar Amurka kuwa 120 kaɗai suke ɗauka, kuma soka su a bangonmu ba tare da tiransifoma ba yana ƙona su nan take. Idan da janareta za ka yi caji, ka bari ya tashi ya daidaita tukuna, ka cire caja kafin a kashe shi, kuma kada ka haɗa ta a janareta ɗaya da injin walda. Mai sola kuma ya nemi inbata mai fitar da wuta sumul irin ta gidan wuta, domin ƙananan masu araha wutarsu a kakkarye take fita, wasu cajojin sukan yi zafi ko su ƙi aiki da ita. Robar nan da ake sayarwa don a sa batirin wani kamfani a injin wani kamfani ma ban yarda da ita ba, saboda wasu kamfanoni a cikin injin suke sa na'urar da ke katse wuta idan batir ya kusa ƙarewa, wasu kuma a cikin batir, to idan aka gauraya sai a iya wayar gari babu mai katsewa ko ɗaya.

Akwai yiwuwar batirinka da ya mutu da wuri tun asali ba na kirki ba ne, kuma lissafi kaɗan ya isa ka gane jabu tun a kasuwa. Ƙwayar 18650 mafi ɗaukar wuta ba ta wuce wajen 3.5Ah ba, waɗanda ake sa wa kayan aiki kuwa tsakanin 1.5 da 3 suke. Ke nan batir mai jeri biyu na ƙwayoyin 18650 ba zai wuce 6Ah ba, kuma duk wanda girmansa na irin wannan ƙwaya goma ne aka rubuta masa 9Ah ko 12Ah, ƙarya aka rubuta. Haka injinan da ake liƙa wa 48V ko 88V ko ma fiye, alhali ƙwayoyi biyar ne a ciki. Amma 18V da 20V da 21V duk abu guda ne, wani ya rubuta matsakaicin ƙarfi ne wani kuma ya rubuta na lokacin cika. Sai kuma nauyi: ƙwaya mai kyau tana kai giram 45 ko ɗan fiye, don haka batir mai ƙwaya goma ya kamata ya wuce rabin kilo. Ka ɗauki wanda ka tabbatar da shi a hannu ɗaya, wanda ake tallata maka a ɗaya hannun. Idan sabon ya yi shafal, ka ajiye masa kayansa.

Shi wanda ya daina ɗaukar caji, ka fara goge haƙoransa da busasshen buroshi, domin ƙurar hunturu da garin katako sukan toshe su har caja ta kasa ganin batir. Idan bai tashi ba, a auna shi da multimita, wato na'urar auna ƙarfin wuta. Cikakken batir yana nuna bolt 20 zuwa 21, wanda ya ƙare yana nuna wajen 13 zuwa 15. Idan ya nuna ƙasa da 10, ƙwayoyin sun sauka inda jan ƙarfen da ke cikinsu ke fara narkewa, kuma idan aka tilasta musu caji, wannan ƙarfe yana iya sake daskarewa ya huda mayafin da na ambata. Saboda wannan ne caja take ƙin karɓarsa. Dabarar da wasu ke yi ta haɗa shi da waya da wani batir mai rai ko batirin mota don a “tashe” shi tana iya sa ya karɓi caji, amma abin da aka tasa ba abin yarda ba ne a cikin shago. Masu sauya ƙwayoyi kuma, akwai na kirki a cikinsu, sai dai ka tambayi abu uku: shin sababbi ne iri ɗaya za a sa duka, shin irin masu jure jan wuta mai yawa ne, kuma da me za a haɗa su. Ƙwayoyin da aka ciro daga tsohon batirin kwamfuta ba sa jure abin da injin yanka ke ja, wanda kan kai amfiya 20 ko fiye. Haɗi kuma da injin walda na ɗigo-ɗigo ake yi a kan siririn ƙarfen nikel, ba da dalma ba, domin zafin ƙarfen narka dalma yana ratsawa cikin ƙwayar.

Wanda ke yin zafi yana saurin ƙarewa, ka gwada shi a injin huda da aiki marar nauyi. Idan a nan lafiya lau yake, mai yiwuwa ƙarami ne kake ɗora wa aikin da ya fi ƙarfinsa, domin batir mai 2Ah na huda ne da ɗaure kusa, injin yanka kuwa mai 4Ah ko 5Ah yake so, inda jeri biyu ke raba nauyin. Dakusasshen zarto ma yana sa injin ya ja wuta fiye da kima, don haka wasa baki ko sauya shi yana cikin kula da batir. Amma idan ko a ƙaramin aiki yana zafi, ko yana ɗumi alhali a ajiye yake, ko robarsa ta kumbura ko ta tsage, ko kana jin wani wari mai zaƙi-zaƙi kamar na tina daga jikinsa, to aikinsa ya ƙare, kada ya sake hawa caja.

Sauran kulawar ba ta da yawa. Kada a jefa batir tsirara cikin jakar da ke da ƙusoshi da makullai, domin ƙusa ɗaya da ta gitta haƙora biyu ta isa ta yi ja wur. Wanda ya faɗo daga saman tsani a ware shi a sa masa ido kwana ɗaya ko biyu kafin a yi masa caji. Kada a bar shi a cikin mota a rufe ko a akwatin babur a rana, inda zafi ke wuce digiri 60. Da damina, idan ruwa ya shige shi, kada a gwada shi a injin don a ga ko yana aiki. Idan kuma za ka yi wata ɗaya ko fiye ba ka taɓa shi ba, ka cire shi daga injin ka ajiye shi da kusan rabin caji, fitila biyu cikin huɗu, ka riƙa dubawa bayan ƴan watanni, saboda ajiye shi a cike cikin zafi yana tsufar da shi, ajiye shi a ƙare kuma yana kai shi inda na farkon ya je.

Idan Allah ya ƙaddara batir ya fara hayaƙi ko huci, a fara katse wutar bango, a fitar da mutane, kada kowa ya shaƙi hayaƙin domin guba ne. In bai riga ya kama ba kuma ana iya ɗaukarsa da shebur, a fitar da shi fili a kan ƙasa. Bayan an tabbatar babu wutar lantarki a haɗe, ruwa mai yawa ne ya fi amfani domin yana sanyaya ƙwayoyin da ba su tashi ba, yashi kuwa yana tare wutar ne kawai kada ta yaɗu. Idan ta kama kayan shago, a kira ƴan kwana-kwana a lamba 18 ba tare da jinkiri ba. Ko bayan ta mutu a bar batirin a waje har kwana guda, saboda yana iya sake tashi bayan sa'o'i.

Mataccen batirin da ke hannunka kuwa, ka liƙe haƙoransa da salatif na lantarki, ka sa shi a gwangwanin ƙarfe mai yashi a wani lungu na waje da rana ba ta duka, har ka samu mai gyaran kayan lantarki da zai karɓa. Kada ka ba yara su fasa don neman jan ƙarfe, kuma kada ya shiga shara, domin a unguwanninmu ƙona bola ake yi, ƙwayar litiyam kuma ko ta daina tuƙa injin tana da sauran wutar da za ta fashe a cikin juji.